Ɗan Kunkurun Gindin Suri

Ranar da abin ya fara, babu wata alama da ta gabace shi. Yammaci ne irin na farkon damina a Getso. An yi ruwa da rana ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, kaji sun fara laluben wurin kwana. Tasi'u yana zaune a ƙofar ɗakinsa da buta a gabansa, yana jiran kiran sallar magariba. Matarsa Uwaliya tana madafa tana kwashe tuwo. 'Yarsu Fiddausi kuwa, yarinya 'yar shekara tara, tana tsugune a gindin rumbu, inda ta saba yini tun da aka kawo mata ɗan kunkuru.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da butar. Tasi'u ya ɗauka ya duba. Ba tsakuwa ba ce, wani dunƙulen jar ƙasa ne mai tauri, da 'yan ramuka a jikinsa. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne ke harbin tsuntsu, ya yar. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, daga nan rufin ya ɗauki ƙara kamar ana zuba ƙanƙara. Ya fita ya zagaya bayan katanga. Babu kowa, babu sawun kowa a jiƙaƙƙiyar ƙasar. Da liman ya ɗaga murya, jifan ya tsaya cak.

Da ya dawo cikin gida ya tarar da Uwaliya tsaye da mara a hannu, tana kallon 'yarta. Fiddausi ba ta motsa daga gindin rumbu ba. Ta dafe kunnenta na hagu, jini yana bi ta tsakanin yatsunta.

Tasi'u jikan makiyaya ne. Ubansa Ya'u ya yi garke, ciwo ya ci rabi, sauran aka sayar aka sayi gona, aka zauna. Shi Tasi'u da fartanya ya girma, amma duk abin da ya sani na renon ƙaramar halitta a wajen ubansa ya gani, a jikin maruƙa. Wata rana yana noman farko, a ƙarshen gonarsa inda wani tsohon suri yake, ya ga wani abu yana motsi a gindin surin. Ɗan kunkuru ne, bai fi bakin ludayi girma ba, ƙoƙon bayansa bai ma gama tauri ba. Ya sa shi cikin malafarsa ya kawo gida. Fiddausi ce kaɗai ta tsaya musu. Biyu da suka riga ta zuwa duk sun koma, bayanta kuma ba a sake samu ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata, kuma ba ya shigowa gida hannu wofi in da hali.

"Uwata, ga maraƙinki," ya ce mata. "Tun da babu garke, sai ki fara da wannan."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta sa masa suna Bajimi. Sannan ta tambaya, "Baba, me yake ci?"

Tasi'u bai sani ba, kuma bai so ya ce bai sani ba. Ya ce, "Duk ɗan da aka raba da uwarsa, nono yake so."

Haka aka riƙa dama masa fura da nono a murfin kwalba, Fiddausi tana tura masa baki a ciki. Aka ajiye shi a ƙarƙashin rumbu, inda rana ba ta kaiwa, don kada shirwa ta sure shi. Amma Bajimi bai san gata ba. Da an kau da ido sai ya kama hanyar ƙofa. Ranar da ya ɓace tun safe har la'asar, aka same shi a bayan turmi, Fiddausi ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tasi'u ya kasa jurewa. Ya sa basilla a wuta ta yi ja, ya huda gefen ƙoƙon ta baya, ya zura zare, ya kafa ɗan turke ya ɗaure. Ɗigon jini ya fito, abin ya ba shi mamaki, don ya ɗauka ƙoƙon kamar ƙaho yake. Ya shafa toka kamar yadda ubansa ke yi wa kunnen maraƙi in an tsaga shi.

"Shi ke nan," ya ce. "An yi masa shaida, ya zama namu."

Ba a daɗe da yin haka ba jifan ya fara.

Daga ranar, gidan bai sake ganin magariba cikin kwanciyar hankali ba. Da rana ta yi ja, sai jar ƙasar nan ta fara sauka a kan kwano. Wata rana kuma, cikin jifan, suka ji murya a bayan katanga, muryar tsohuwa, tana irin kiran da makiyaya ke yi wa shanu in za a koma ruga. Tasi'u ya san kiran, ya ji shi a bakin ubansa. Bai fita dubawa ba.

Bajimi ya daina cin komai. Idanunsa suka kumbura suka rufe, ya ja kai cikin ƙoƙo, sai an taɓa shi yake ɗan motsi. Fiddausi ma ta daina ci. In Uwaliya ta kai mata loma, sai ta maƙe wuya tsakanin kafaɗunta ta rufe ido. An kai ta asibiti a Gwarzo, aka ɗebi jini aka duba, aka ce ba a ga zazzaɓi ba, aka ba da maganin ƙarin jini da na wanke kunne. Suka dawo da ita a kan babur, Tasi'u yana jin nauyinta a ƙirjinsa kamar na 'yar tsana. Bayan wannan tafiyar ba ta sake yarda ta nisanci rumbu ba. Takan rarrafa ta zagaya shi a hankali, ta kai wani wuri ta tsaya, ƙafarta ɗaya a miƙe ta baya, kamar an ɗaure ta da igiyar da ba a gani.

"Malam," in ji Uwaliya wata safiya, muryarta ƙasa-ƙasa, "ka fitar mini da abin nan daga gida. Tun da ya shigo ban sake gane 'yata ba."

Tasi'u ya riga ya gane ƙasar da ake jifansu da ita, ta tsohon surin gonarsa ce. Ya tsinke zaren, ya sa Bajimi a malafa, ya tafi gona. Ya ajiye shi daidai inda ya ɗauke shi, ya yi sallama ga wanda bai gani ba, ya ce a yi haƙuri. Ya dawo yana jin kamar an sauke masa kaya. Da ya shiga gida sai ya ga Uwaliya zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Fiddausi tana gindin rumbu, ga Bajimi a cinyarta, jar ƙasa duk a bayansa.

Ya tsaya a tsakar gida, hannuwansa a sake. Yana da ƙarfin da zai nome gona tun safe har azahar, amma ga abu biyu ƙanana suna ƙarewa a gabansa, bai san ta inda zai kama ko ɗaya ba.

Limaminsu ne ya ce a je Kabo a ɗauko Malam Badamasi. Tsoho ne siriri mai farin gemu, wanda ya yi suna wajen karatu a kan masu irin wannan lalura, ba ya kuma karɓar zancen yanka ko tsafi. Ya iso bayan la'asar. Aka gaisa a zaure, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce a shimfiɗa masa tabarma a gindin rumbun, tun da a nan yarinyar take. Ya kalli yarinyar, ya kalli kunkurun, ya ɗaga shi a tafin hannu ya juya, ya daɗe yana duban hudar. Ya sa Uwaliya ta riƙe kafaɗun 'yarta, ya fara karatu.

Rana tana gangarawa, inuwar rumbu tana tsawo. Kaji suka yi tsit. Dunƙulen farko ya faɗo kan kwano, Malam bai ɗaga kai ba. Can Fiddausi ta fara rawar jiki. Wuyan nan da ta maƙe ya fito a hankali, ya yi tsawo, idanunta suka buɗe. Da ta yi magana, muryar bayan katanga ce ta fito daga bakinta.

"Ya isa, tsoho. Ka ƙona ni, ka ƙona ta."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Makiyayiya ce. Sunana ba na bakinka ba ne."

"Musulma ce ke?"

"Tun kakanka bai san alƙibla ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Yarinya ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai ce ma ke yi wa ɗana waƙa." Kan yarinyar ya juya sannu a hankali har idanun suka tsaya a kan Tasi'u. "Ɗan Ya'u, da kai nake. Ubanka ya yi shekaru yana kiwo a gefen garkena, saniyarsa ba ta taɓa taka mini ƙwai ba. In ya wuce yakan yi sallama. Kai ka zo ka ɗauke mini ɗa, ƙasar rami ba ta gama bushewa a bayansa ba."

Da ƙyar Tasi'u ya ce, "Ban sani ba, Inna. Kuma na mayar."

"Ka mayar mini da me? Kai jinin makiyaya ne, ka faɗa mini. Maraƙin da aka tsaga wa kunne da shaidar wani gida, ana mayar da shi garken farko? Wuta ta taɓa shi, ƙarfe ya ratsa shi, da bakinka ka ce ya zama naku. 'Yan uwansa sun shinshine shi sun juya baya. Ka rage mini ɗaya, ni ma na yi wa ɗaya shaida."

Uwaliya ta saki wani ɗan sauti, ta ƙara ƙanƙame 'yarta.

"Allah bai ɗora wa wani laifin wani ba," in ji Malam. "In ke musulma ce kin san haka. Ki fita."

"In na ƙi fa?"

Malam ya koma karatu, ya ɗaga murya. Jikin yarinyar ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, jini ya sake tsattsafowa daga kunnen. Muryoyi biyu suka haɗu a maƙogwaro ɗaya, ta tsohuwa tana gurnani, ta yarinya tana kiran Baba. Tasi'u ya durƙusa ya kama gefen rigar Malam.

"Malam, don Allah a sassauta. Ba ta da sauran ƙarfi."

Malam ya tsayar da karatu. Gidan ya yi tsit, sai numfashin yarinyar.

"Me kike so?" in ji shi. "Ki sani, ba za a zubar miki da jinin ko kaza ba."

"Wa ya nemi jini? Wanda aka zubar ya isa." Muryar ta yi sanyi, gajiya ta bayyana a cikinta. "Mutuwa yake yi, tsoho. Ina kallo, ba ni da ikon taɓa shi. Nono suke ba shi. Ɗan Ya'u, ka taɓa ganin kunkuru da hantsa?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

"Ka fitar da shi daga wannan duhun. Hantsi yake so, ya sha rana har jikinsa ya yi ɗumi, sannan ya sami inda zai ɓuya in ta yi zafi. Ka zuba ruwa mai ɗumi a kasko, kada ya wuce haɓarsa, ka zaunar da shi a ciki kowace safiya. Ɗanyar ciyawa, ganyen yaɗiya mai taushi, furen kabewa. Ba fura, ba tuwo, ba abin da ya ga wuta. Ka ba shi ƙasar da zai tona. Kada ya kwana a kife. Kada igiya ta sake taɓa shi. Ranar da ya ci, ita ma za ta ci."

"Sai yaushe za ki rabu da su?" in ji Malam.

"Zan fita yanzu. Ɗan Ya'u ya riƙe mini shi amana, kamar yadda kakanninsa ke riƙe saniyar wani. Ranar da hudar nan ta cike, shaidarsa ta goge, ya kawo mini shi gindin suri, mu rabu lafiya. In ya mutu a hannunsa kafin nan, na san hanyar gidan."

Malam ya ɗaga hannu da sauri, amma Tasi'u ya riga shi.

"Na yarda," ya ce. "Wallahi na yarda."

Wata 'yar dariya ta fito, marar daɗi, marar mugunta kuma. Fiddausi ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Daga masallaci aka kira sallar magariba. A karo na farko cikin kwanaki masu yawa, kwano ya daina ƙara tun kafin kiran.

Bayan salla Tasi'u ya raka Malam Badamasi zaure. Tsohon ya daɗe yana neman takalminsa da ƙafa kafin ya yi magana.

"Ka yi gaggawa, ɗana. Da ka bari na ja ta da magana, wataƙila da mun sami wa'adi mai iyaka."

"Ai ciwo yana warkewa, Malam."

"Ciwon zai warke. Amma na ga kunkuru masu huda a gidaje da dama tun ina yaro, ban taɓa ganin wadda ta cike ba. Kuma halitta ce mai tsawon rai. Takan binne wanda ya rene ta."

Tasi'u ya jingina da bango. "To yanzu yaya zan yi?"

"Ka yi kiwo," in ji Malam. "Rai na Allah ne, nata da nasa. Ka riƙe addu'a, ka riƙe alkawari."

Washegari tun da hantsi ya fito da Bajimi tsakar gida. Ya gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannunsa, ya zaunar da shi a kasko, ya tsuguna. Ɗan kunkurun bai motsa ba. Ya jera masa ganye a gaba, ganyen ya yi yaushi a rana, ya canza wani. A ɗaki Fiddausi tana kwance, hankalinta ya dawo, tana gane mutane, amma in an kai mata cokali sai ta kau da kai. Ruwa kaɗai ke wucewa. Gona ta cika da ciyawa, Tasi'u bai leƙa ba. Maƙwabta suna wucewa suna jin labarin magidanci ya zauna gadin kunkuru, wasu su yi dariya, wasu su yi shiru. Shi dai yana tsugune, yana kallon wani ɗan kai da bai kai kan yatsa ba, yana roƙonsa a zuci. Ba a yi wa kunkuru dole. Ba a buɗe masa baki, ba a lallashinsa da murya. Sai jira.

Wata safiya, bayan an yi ruwa da asuba, idon Bajimi ɗaya ya buɗe. Kan ya fito ya tsoma cikin ruwan kasko, maƙogwaron yana motsi. Tasi'u ya miƙa hannu. Ya cire shi, ya ajiye shi a gaban furen kabewa da ya tsinko da raɓarsa. Bajimi ya daɗe yana kallon furen. Ya miƙa wuya, ya kai cizo ya kuskure. Ya sake kaiwa, ya yago ɗan gefe.

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta ce, "Inna, akwai ɗumame?"

Tasi'u bai tashi ba. Ya ji Uwaliya tana gudu zuwa madafa, tana kuka, tana ture kwanoni. Ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu.

Shekaru sun shuɗe tun daga nan. Fiddausi ta girma, tana makarantar sakandare a Gwarzo, ba ta tuna komai na waɗancan kwanaki. Akwai wata 'yar huda a saman kunnenta na hagu, inda ba a sa ɗan kunne, ƙawayenta suna tambaya, tana cewa da ita ta tashi. Bajimi ya kai girman akushi. An gina masa ɗan shinge na ƙasa a gefen gabas na tsakar gida, da rami, da kabewa tana yaɗo a kan katanga. Tasi'u ba ya kwana a wani gari, ko biki ko rasuwa, sai ya dawo. In rani ya tsananta Bajimi yakan shige rami ya yi watanni bai fito ba, babu ci, babu motsi, kuma babu halin a tono shi. A irin wannan lokaci Tasi'u yakan rame. Ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ramin, sai dai ya kira wayar makaranta ya ce a ba shi Uwata, ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Gemunsa ya fara fari, gwiwoyinsa suna ƙara in zai tsuguna. In Fiddausi ta zo hutu yakan kira ta ya nuna mata yadda ake gwada ɗumin ruwa, da ganyen da ake tsinka da wanda ake bari. Takan yi dariya ta ce, "Baba, kai da Bajimin nan, ko ni ba ka yi mini wannan gatan ba." Shi ma yakan yi murmushi, ya ce ta dai kula da kyau, ta sake gwadawa ya gani.

Duk farkon damina, ranar da Bajimi ya fito daga rami, da almuru dunƙulen jar ƙasa guda ɗaya yakan faɗo a kan kwano, ya gangaro a hankali. Tasi'u yakan ajiye buta, ya zare tsinke daga tsintsiya, ya je ya tsuguna a bakin shinge. Ya shafa bayan Bajimi, ya lalubi gefen ƙoƙon da yatsa, ya sa tsinken a hudar.

Har yau tsinken yana wucewa.